Yadda zaka kwatanta tattalin arzikin manyan birane biyu ba tare da alƙaluma sun ruɗe ka ba

Kwanaki wasu abokaina biyu suka kwana suna ja-in-ja a guruf ɗinmu kan wai tsakanin Tokiyo da Niyok wanne yafi ƙarfin tattalin arziki, wannan ya turo hoton jadawali da ke nuna Tokiyo ce a sama, wancan ya turo nasa mai nuna Niyok ta bata ratar gaske, kowa ya kafe a kan nasa har aka fara ɓata rai. Da na zauna na duba hotunan biyu da kyau sai na ga babu wanda ya ƙirƙiro ƙarya a cikinsu, mudun awon ne ba ɗaya ba, shekarun da aka yi lissafin daban, darajar kuɗin da aka yi canji da ita daban, kai har abin da kowane jadawali yake kira Tokiyo ma daban ne. Abin ya tsaya min a rai, saboda ba a musu kaɗai ake wannan kwatancen ba, akwai ɗalibin da aka ba aikin bincike, akwai mai kuɗi a hannu da ke neman inda zai zuba jari, akwai wanda zai tattara iyalinsa ya koma wani birni neman aiki, irin waɗannan idan lamba ta yaudare su asarar ba ƙarama bace. Shi yasa na ce bari in rubuta yadda ake yin aikin tun daga tushe.

Kafin ka buɗe ko wane shafi, ɗauki biro ka rubuta tambayarka a layi ɗaya. Me kake son sani takamaimai? Wanne yafi girma, ko a wanne mutane suka fi wadata, ko wanne ke bunƙasa da sauri, ko wanne zai fi jure girgiza in ta zo? Waɗannan tambayoyi huɗu ne daban kuma amsarsu na iya faɗawa wurare daban. Dubi Shenzhen da Hong Kong, maƙwabtan juna ne, iyaka ce kawai tsakaninsu. Shenzhen ta fara tashi ne bayan da gwamnatin Sin ta mayar da ita yankin tattalin arziki na musamman a 1980, kuma zuwa 2018 jimillar abin da take samarwa ta wuce ta Hong Kong, aka yi ta yayata labarin. Amma fa Shenzhen na da mutane sama da miliyan 17 a ƙidayar 2020, ita kuwa Hong Kong wajen miliyan 7 da rabi, kaga kenan in aka raba kan mutum ɗaya-ɗaya Hong Kong ce a gaba nesa ba kusa ba. Wanda ya ce Shenzhen ta fi ya yi gaskiya, wanda ya ce Hong Kong ta fi shi ma ya yi gaskiya, tambayar da suke amsawa ce ba ɗaya ba.

To yanzu sai batun iyaka, kuma a nan ne gizo ke saƙar, in ka kuskure a nan duk lissafin da zaka yi a gaba ya tashi a banza. Kalmar birni tana ɗauke da ma'ana aƙalla uku. Akwai birni na hukuma wato inda ikon magajin gari ya tsaya, akwai birni na gine-gine wato duk inda gidaje suka haɗe ba daji a tsakani, sannan akwai birni na aiki wato duk garuruwan da mutanensu ke tashi da sassafe su shigo aiki su koma gida da yamma. Na ukun nan shine ainihin abin da ake nufi da yankin babban birni, kuma shine ya kamata ka kwatanta, domin kuɗi da ma'aikata basu san layin da ƴan siyasa suka shata a taswira ba.

Bari in nuna maka da Faris da Landan. Birnin Faris na hukuma ɗan ƙarami ne, murabba'in kilomita 105, mutane kimanin miliyan 2.1. Babbar Landan kuwa murabba'in kilomita kusan 1,570 ce da mutane miliyan 8.8 a ƙidayar 2021. In ka ajiye waɗannan biyun gefe da gefe sai ka rantse Landan ta ninka Faris sau huɗu, alhali ba haka bane, Faransawa ne kawai basu faɗaɗa iyakar birninsu ba sai suka bar unguwannin kewaye a ƙarƙashin wasu hukumomi, har unguwar manyan ofisoshi ta La Défense ma tana wajen iyakar Faris ta hukuma. To sai wani ya ce shikenan mu ɗauki lardin Île-de-France gaba ɗaya, mai mutane sama da miliyan 12, mu gwada da Babbar Landan. Nan ma an sake karkata, wannan karon an zalunci Landan, saboda lardin na Faransa yana da faɗin murabba'in kilomita wajen 12,000 har da gonaki da dazuzzuka, ya haɗiye kusan duk masu shigowa aiki Faris, ita kuwa Babbar Landan an yanke mata garuruwan kewaye da jiragen ƙasa ke kwaso mata ma'aikata daga cikinsu kullum.

Haka abin yake kusan ko'ina. Tokiyo ta hukuma mutum wajen miliyan 14 ne, amma in ka haɗa da lardunan Kanagawa da Saitama da Chiba sai ka tashi da kimanin miliyan 37. Birnin Niyok miliyan 8.8 ne a ƙidayar 2020, yankinsa da ya tsallaka har jihar New Jersey kuwa wajen miliyan 20. Wani lokaci kuskuren ta ɗaya gefen yake zuwa, zaka ji ana cewa Chongqing ta ƙasar Sin ce birni mafi girma a duniya saboda tana da mutum miliyan 32, amma in ka duba faɗinta ya haura murabba'in kilomita 82,000, kusan girman ƙasar Austriya kenan, lardi ne guda da ƙauyuka da duwatsu aka laƙaba masa sunan birni. A Amurka ma San Francisco da San Jose a lissafin hukuma yankuna biyu ne daban duk da mutane na ta kai-komo tsakaninsu, wani jadawalin ya raba su wani ya haɗe su, shi yasa in kana gwada su da Los Angeles dole ka fara tambaya an haɗa ko an raba.

Mafita ita ce ka nemi ma'auni guda da aka shata iyakar duka biyun da shi. In biranen a ƙasa ɗaya suke aikin ya zo da sauƙi, misali a Amurka ana haɗa gunduma da yankin birni ne idan aƙalla kashi 25 cikin 100 na ma'aikatanta na shiga tsakiyar yankin aiki, kuma da wannan ƙa'idar ake auna kowa. In kuwa ƙasashe daban ne to ka nemi alƙaluman ƙungiyar OECD ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ita da Tarayyar Turai sun fito da ƙa'ida ɗaya, duk garin da kashi 15 cikin 100 na ma'aikatansa ke zuwa aiki cikin birnin ana lissafa shi a yankin. Ba cewa nake kashi 15 ɗin ya fi kashi 25 daidai ba, a'a, abin da ake so kawai a auna su biyun da abu ɗaya. In ka rasa irin wannan to ka shata da kanka, ka rubuta ƙarara cewa ga lardunan da na haɗa a nan ga waɗanda na haɗa a can, dan mai karantawa ya san abin da ka auna.

Shekara ma ta zama ɗaya. Wannan ba sai an ja shi ba, amma mutane na yawan faɗawa ciki saboda alƙaluman yankuna na fitowa a makare, sau da yawa shekara ɗaya ko biyu bayan na ƙasa, sai mutum ya ɗauki na 2019 a nan na 2021 a can, alhali annobar korona ta ratsa tsakani ta hargitsa komai. In ɗaya na da sabo ɗaya na da tsoho, koma baya ka ɗauki shekarar da duka biyun ke da ita. Kuma ka je tushe, wato hukumomin ƙididdiga, BEA a Amurka, ONS a Birtaniya, INSEE a Faransa, Eurostat ga ƙasashen Tarayyar Turai, ba hoton jadawalin da ke yawo a Facebook ba wanda babu ko shekara a jikinsa.

Sai kuma kuɗi. Babbar lambar da kowa ke fara nema ita ce GDP, wato darajar duk kaya da ayyukan da aka samar a yankin cikin shekara. In biranen na amfani da kuɗi iri ɗaya babu matsala, in kuwa daban ne dole a yi canji, kuma canjin nan shi ya haɗa abokaina faɗa. Ɗauko kalkuleta mu yi tare. A ce wani yanki a Japan na samar da yen tiriliyan 160 a shekara, na zaɓi lambar ne kawai dan rabawa ta zo da sauƙi. A 2012 dala ɗaya wajen yen 80 ce, raba 160 da 80, ya baka dala tiriliyan 2. A tsakiyar 2024 dala ɗaya ta kai yen 160, sake rabawa, ya baka dala tiriliyan 1. Ko masana'anta ɗaya ba a rufe ba, jiragen ƙasa na nan cike da ma'aikata kamar jiya, shaguna a buɗe, amma a takarda rabin arzikin ya ɓace. Irin haka ta faru da Landan bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a watan Yunin 2016, fam, wato kuɗin Birtaniya, ya faɗi warwas cikin kwanaki, duk wanda ya auna Landan da dala a lokacin sai ya ga kamar ta ƙanƙance dare ɗaya.

Shi yasa ake da hanya ta biyu, wato auna ƙarfin saye. Maimakon a tambayi nawa ƴan canji ke sayar da dala, sai a tambayi nawa ake buƙata a kowace ƙasa dan a sayi kwando ɗaya na kaya iri ɗaya, abinci da haya da sufuri da magani da sauransu, da wannan sai a fitar da canjin. Bankin Duniya ne ke jagorantar wannan aikin kwatanta farashi tsakanin ƙasashe, a jadawali zaka ga an rubuta PPP. Wanne zaka ɗauka? Ya danganta da tambayar da ka rubuta tun farko. In kana son sanin nauyin birni a kasuwar duniya, nawa zai iya sayowa daga waje, nawa zai biya bashin da aka ci da dala, to canjin kasuwa ne naka. In kana son sanin yadda mutane ke rayuwa ko yawan abin da ake samarwa a zahiri, ƙarfin saye ya fi kusa da gaskiya. Ni dai shawarata ka kawo duka biyun, in sun nuna abu ɗaya hankalinka ya kwanta, in sun saɓa to saɓanin kansa labari ne da ya kamata ka faɗa.

Akwai wani ɗan rami a nan da ba kowa ke lura da shi ba. Ma'aunin ƙarfin saye na ƙasa ne gaba ɗaya, ba na birni ba, alhali babban birni kusan kullum ya fi sauran ƙasar tsada musamman wajen haya. Kenan in ka yi amfani da ma'aunin Birtaniya a kan Landan ka ɗan kumbura wadatar mutanenta, saboda fam ɗinsu bai saya musu abin da yake saya a ƙananan garuruwa. Amurka na fitar da ma'aunin farashi na kowane yankin birni, in biranenka na can ne ka yi amfani da shi.

Bayan ka samu jimillar sai ka raba da yawan mutane, kuma ka tabbata mutanen da kake rabawa da su na cikin iyakar da aka lissafa kuɗin ne, ba kuɗin yanki a sama mutanen birnin hukuma a ƙasa ba. Dalilin da yasa na dage kan iyaka tun farko zai fito maka fili a nan. GDP ana lissafa shi ne a inda aka yi aikin, mutane kuwa ana ƙirga su ne a inda suke kwana. Je ka tsaya a tsohuwar cibiyar Landan, wadda suke kira Siti, da ƙarfe takwas na safe ranar aiki, zaka ga mutane na ɓullowa daga tashoshin jirgin ƙasa kamar tururuwa suna tsallaka gada suna shigewa bankuna da kamfanonin inshora, sama da rabin miliyan ke aiki a wannan ɗan wurin da bai kai murabba'in kilomita 3 ba, amma waɗanda ke kwana a cikinsa a ƙidayar 2021 basu kai 10,000 ba. In ka raba abin da rabin miliyan suka samar a kan waɗannan ƴan tsirarun zaka samu lambar da bata da ma'ana ko kaɗan. Luxembourg ma haka, kusan rabin ma'aikatanta daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke shigowa kullum, aikinsu na cikin lissafin ƙasar su kuma basa cikin ƙidayarta. A biranen Sin kuma ka kula ko lambar ta masu rajistar zama ce ko ta duk mazauna, dan miliyoyin ƴan ci-rani na zaune suna aiki a birni alhali rajistarsu na ƙauye.

Ɗan'uwan wannan matsalar shine hedikwatar kamfanoni. Kamfani na iya haƙo ma'adini a wani lardi ko ya sayar da kaya a ƙasashe hamsin amma a rubuta ribar a birnin da babban ofishinsa yake. Misali mafi bayyana shine ƙasar Ayilan, a 2015 GDP ɗinta ya yi tsalle da kimanin kashi 25 cikin 100 a shekara ɗaya, ba dan an gina sabbin masana'antu ba sai dan wasu manyan kamfanonin waje sun mayar da rajistar kadarorinsu can, abin ya kai har hukumar ƙididdigar ƙasar ta fito da wani ma'auni na daban a 2017 da ke tace irin wannan kuɗin. To duk wanda zai kwatanta Dublin, babban birnin Ayilan, da wani birni da GDP kaɗai ya sani wani kaso na lambar bai taɓa shiga aljihun mutumin Dublin ba.

Dan haka in tambayarka kan wadatar mutane ce kada ka tsaya a GDP, nemi abin da ke shiga hannun iyali bayan an cire haraji. Kuma ka nemi na mutumin tsakiya, ba matsakaicin da ake samu ta hanyar tarawa a raba ba. Ka ɗauka mutum goma ne a ɗaki, tara na samun dala 1,000 kowannensu, na goman na samun 91,000, in ka tara ka raba goma sai ka ce kowa na samun 10,000, alhali babu ko mutum ɗaya a ɗakin da ke samun haka. In kuwa ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya zaka samu 1,000, wanda shine halin da yawancinsu ke ciki. Biranen da harkar banki ko fasahar kwamfuta ta yi ƙarfi a cikinsu sun fi kowa wannan matsalar, ƴan tsiraru a sama na jan lissafin sama. Daga nan sai ka cire kuɗin haya, domin shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na albashi a manyan birane, sau tari birnin da albashinsa ya fi kauri in aka cire haya da kuɗin mota da awannin da ake ɓatawa a hanya sai ka ga ratar ta ragu sosai ko ma ta juye. Wannan wurin wallahi shi ya fi shafar mai shirin ƙaura, kuma shi aka fi tsallakewa.

In kuma ƙwazon aiki kake son aunawa, raba jimillar da yawan ma'aikata, ko ma da awannin aiki in akwai lambar, saboda ma'aikacin Faransa a shekara bai kai na Amurka yawan awanni ba, birnin da ke da yara da tsofaffi da yawa kuma lissafin kan kowane mutum zai nuna shi ƙasa ko da ma'aikatansa na da himma.

Yanzu buɗe cikin tattalin arzikin ka ga da me aka gina shi, dan birane biyu na iya yin kunnen doki a jimilla amma ɗaya na tsaye da ƙafa ɗaya ɗayan da ƙafafu shida. Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi da masana ke yi. Ɗauki kason ma'aikatan birnin da ke wata sana'a ka raba da kason ma'aikatan ƙasar gaba ɗaya da ke wannan sana'ar. A ce a birnin cikin kowane ma'aikaci 100 akwai 12 a harkar kuɗi, a ƙasar kuwa 4 ne cikin 100, 12 raba 4 ya baka 3, ma'ana birnin ya ninka ƙasar sau uku a wannan fannin, to a nan yake cin abinci, shi yake sayar wa na waje. Duk sana'ar da ta baka kusan 1, kamar masu aski da shaguna da makarantun firamare, hidima ce ta cikin gida da kowane birni ke da ita daidai yawan mutanensa. Yi wannan wa manyan fannoni goma a kowane birni, waɗanda suka haura 1 da nisa su ne ginshiƙan.

Amfanin sanin ginshiƙi shine ka san abin da zai iya kayar da birnin. Detroit ta Amurka ta tsaya ne a kan ƙera motoci, a 1950 tana da mutane wajen miliyan 1.8, da masana'antun suka fara ƙaura gasa daga waje kuma ta yi zafi sai birnin ya dinga zubewa, kamfanonin motoci na General Motors da Chrysler suka karye a 2009, hukumar birnin kanta ta bayyana karyewa a 2013, zuwa ƙidayar 2020 mutanen basu kai 640,000 ba. Amma ka lura, yankin Detroit gaba ɗaya har yanzu sama da mutum miliyan 4 ne, da yawa daga waɗanda suka bar birnin unguwannin kewaye suka koma, kaga batun iyaka ya sake dawowa. Houston kuma, ita ma a Amurka, numfashinta na haɗe da man fetur, lokacin da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016 an sallami ma'aikata da yawa, sai dai tana da babbar cibiyar asibitoci da tashar jiragen ruwa da masana'antun sinadarai da suka rage mata zafi. In kana kwatanta birni irin wannan da wani, shekarar da ka zaɓa ce zata yanke hukunci, ka auna shi lokacin da mai ke tsada ya fito zakara, ka auna bayan shekara biyu ya koma baya.

Shi yasa wajen auna bunƙasa kada ka yarda da shekara ɗaya, ɗauki goma ko fiye, kuma kada ka fara ƙirga daga shekarar da aka faɗi ƙasa kamar 2009 ko 2020, domin duk wanda ya tashi daga faɗuwa zai yi kamar yana gudu. Ka tabbata kuma an cire hauhawar farashi, in lambar ta ƙaru da kashi 9 farashi kuma ya hau da kashi 7, ainihin ƙaruwar kashi 2 ce kacal. Ga wata dabara ta lissafin ka, raba 70 da kason bunƙasa zai baka kimanin shekarun da tattalin arzikin zai ɗauka kafin ya ninka, mai kashi 7 shekara 10, mai kashi 2 shekara 35. Da wannan zaka iya hasashen ko na baya zai cimma na gaba da kuma yaushe, amma ka cire ƙaruwar jama'a tukuna, birnin da arzikinsa ke ƙaruwa da kashi 4 mutanensa ma na ƙaruwa da kashi 4 girma kawai yake, rabon kowa na nan inda yake. Ita ƙaura kanta shaida ce, duba ko ƴan ƙasar shigowa suke ko fita, musamman matasa masu neman aiki da masu ƙananan yara, mutane basa tattara kayansu haka kawai.

Duk abin da na faɗa a sama ya ginu ne a kan cewa akwai alƙaluma masu kyau, to ba ko'ina ake da su ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan duniya, na aiki ne a sana'o'in da basu da rajista, ba takardar albashi ba ta haraji. A birane da yawa na Afirka da kudancin Asiya da Latin Amurka waɗannan su ne mafi rinjaye, hukuma ƙiyasi kawai take yi, wani wurin ma ƙidayar jama'ar ta tsufa. In ka gwada irin wannan birnin da wanda komai nasa a rubuce yake to ka sani kana tauye na farkon. Abin yi shine ka nemi shaidun da ba a iya ɓoyewa ka jera su kusa da lambar hukuma, yawan wutar lantarki da man da ake sha, kwantenonin da ke ratsa tashar ruwa, fasinjojin filin jirgi, simintin da ake saye, harajin da hukumar birni ke tarawa da kanta, har hasken dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka masana na amfani da shi. Ko wannensu na da aibinsa, tashar Shanghai ce ta fi kowace yawan kwantena a duniya tun 2010 amma kayan ba na Shanghai kaɗai bane, na lardunan da ke bayanta ne gaba ɗaya, filin jirgi ma na iya cika da masu sauya jirgi da basu taka cikin gari ba, amma in shaidu huɗu ko biyar suka nuna gefe ɗaya zaka iya dogara da su.

Wajen rubutawa, ja layi uku a takarda ko a kwamfuta, na farko sunan ma'auni, na biyu da na uku biranen, a ƙarƙashin kowace lamba ka sa shekararta da hukumar da ta fitar da ita da iyakar da aka yi amfani da ita. In ka zo faɗin sakamako ka faɗe shi gunduwa-gunduwa, wannan ya fi a jimilla da canjin kasuwa, wancan ya fi a abin da iyali ke samu bayan haya, wannan ya fi saurin bunƙasa cikin shekara goma, wancan ginshiƙansa sun fi yawa. Inda ratar bata kai kashi 10 cikin 100 ba ni a wurina kunnen doki ne, haka zan rubuta, domin sauya gunduma ɗaya a iyaka ko ɗan motsin canjin kuɗi na wata uku ya isa ya juya ta.